Tambayi Likita: Ɗana ba ya gani in magariba ta yi

Assalamu alaikum likita, daga Tawa nake. Ɗana shekararshi 14, tun yana firamare in magariba ta yi sai ya dinga tuntuɓe da turmi da bokiti a tsakar gida, da rana kuwa lafiya lau. Mun zaci dundumi ne muka yi ta ba shi hanta, shiru. Da muka kai shi Yamai likitan ido ya ɗiga mishi magani ya haska, ya ce ya ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a bayan idon, sannan ya tambaye ni ko ni da babanshi dangi ne. E, ɗan baffana ne. To mi ya haɗa aurenmu da idon yaro? Kuma makancewa zai yi?

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ban duba yaron ba, amma abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon da ake kira retinit pigmanter. A can bayan ido akwai wata shimfiɗa siririya mai ɗaukar haske, ƙwayoyinta iri biyu ne, masu ganin dare da gefe-gefe da kuma masu ganin tsakiya da launi, to a wannan ciwon na daren ne suke fara mutuwa sannu a hankali, shi ya sa yake karanta littafi da rana amma bai ga turmin da ke gefen ƙafarshi ba. Ɗigon nan tabo ne da ƙwayoyin suka bari, galibi ana ganinshi tare da jijiyoyin jini da suka sirance. Dundumin rashin bitamin A yana warkewa da wuri in an ba da bitamin ɗin, wannan kuwa gado ne.

Don Allah kar ki ɗora wa kanki laifi. Sau da yawa uwa da uba lafiyarsu ƙalau amma kowanne yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye, in jininsu ɗaya damar haɗuwar ta fi yawa, kuma a irin wannan kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na samun ciwon. Saboda haka ki kai ƙannenshi a duba su, shi kuma a gwada jinshi, don akwai nau'in da ke zuwa da kurumta.

Ba kowane ɗigo ne gado ba fa, shan nivakin (maganin zazzaɓin cizon sauro) na shekaru da wasu cututtuka suna barin tabo, sai an yi gwajin faɗin gani da hoton bayan ido za a tabbatar.

Maganar makanta, ganin gefe yana raguwa cikin shekaru kamar mai leƙe ta bututu, amma da yawa suna riƙe ganin tsakiya har su manyanta. Maganin warkarwa gaba ɗaya babu shi tukuna, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 na masu matsalar wata ƙwayar gado mai suna RPE65 ne kaɗai. Kar ki yarda a ɗiga mishi wani tsimi a ido, ina roƙonki. Ku koma wurin likitan duk shekara don yanar ido da kumburin bayan ido kan biyo baya kuma su ana maganinsu, ki saya mishi tocila mai ƙarfi da baƙin tabarau na rana, a kwashe kaya daga hanyar bayan gida, ki kuma faɗa wa malaminshi ya zaunar da shi gaba kusa da allo.