Amsa ga Hajiya kan tafiyar jirgi daga Abuja zuwa Guangzhou

Hajiya, kin tambaya ko nisan da ke tsakanin Abuja da Guangzhou ya kai nawa, da kuma awa nawa za ki yi a sama idan za ki je sarin kaya. Na daɗe ina bin wannan hanya, saboda haka ga abin da na sani.

Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja zuwa na Baiyun da ke Guangzhou a ƙasar Sin kimanin kilomita 11,200 ne idan an auna a miƙe, amma 'yan kasuwarmu yada zango suke yi a hanya, wasu a Doha, mafi yawa kuma a Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines. Daga Abuja zuwa filin Bole na Addis Ababa a Habasha kusan kilomita 3,450 ne, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar, sannan daga can zuwa Guangzhou kimanin kilomita 8,000, wanda jirgi ke cinyewa cikin awa goma ko fiye da haka kaɗan. Ke nan za ki yi kamar awa goma sha biyar a sama. Dawowa takan ɗan fi tsawo, domin iskar da ke can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tana tura jirgin da zai tafi, tana kuma tare wanda zai dawo.

Abin da na fi so ki kula da shi shi ne lokutan da aka rubuta a tikiti, domin kowanne agogon garin da aka ambata ne. Habasha tana gabanmu da awa biyu, Sin kuwa da awa bakwai, don haka wanda ya lissafa daga lokacin tashi zuwa lokacin sauka ba tare da ya cire awa bakwai ɗin nan ba, zai ga tafiyar ta fi yadda take tsawo. Na sha ganin fasinja a Bole yana zaune da jakarsa a kan cinya, agogon hannunsa na nuna lokacin Najeriya, hankalinsa kwance, alhali an fara kiran masu shiga jirginsa. Da kin sauka ki gyara agogonki, ki riƙa duba allon da ke bango.

Tsawon jiran da za ki yi a zango shi ne yake bambanta tikiti da tikiti. A ganina awa uku zuwa huɗu ya fi dacewa, domin ƙasa da awa biyu kasada ce idan jirgin Abuja ya makara, kuma mai yiwuwa ki isa kayanki su biyo baya.

Tunda daga Jos za ki taso, don Allah kada ki kama hanya ranar tafiyar. Ki kwana a Abuja, ki isa filin jirgi awa uku kafin tashi, da fasfo da biza da katin rigakafin shawara a jakar hannunki. Allah ya kai ki lafiya, ya sa a sayo a sa'a.