Lemon garehul da haɗin "ƙara garkuwa" bayan dashen ƙoda

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata bakwai ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda, ƙaninsa ne ya ba shi. A takardar sallama an hana shi shan lemon garehul, abin da ya ɗaure mana kai. Yanzu kuma mura tana yawan kama shi, sai wani ɗan'uwa ya kawo masa jiƙon sassaƙe da aka ce yana ƙara garkuwar jiki, yau kwana huɗu yana sha. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne asalin wancan hanin, kuma jiƙon zai cutar da shi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa ƙanin nasa da alheri. Kafin komai, a ajiye jiƙon nan tun yau.

Hanin garehul ya samo asali ne daga aikin wani masanin magunguna ɗan Kanada, David Bailey, a birnin Landan na lardin Ontario. Shi da abokan aikinsa suna binciken yadda giya ke shafar wani maganin hawan jini mai suna felodifin, sai suka zuba ruwan garehul don ɗacinsa ya ɓoye ɗanɗanon giyar. Da sakamako ya fito a 1989, sai aka ga maganin ya ninka a jinin mutanen fiye da yadda ake zato, kuma a 1991 suka tabbatar a mujallar Lancet cewa lemon ne sanadi. Akwai wani sinadari a bangon hanji, CYP3A4, wanda ke rushe wani kaso na magani kafin ya shiga jini, garehul kuwa yana kashe wannan sinadari, kuma kofi ɗaya ya isa ya yi tasirin da zai kai kwana ɗaya zuwa uku. Takrolimus da saiklosforin, magungunan da ke riƙe da dashen ƙoda, ta wannan hanya suke bi, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke illa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Idan maganin ya hau a jinin maigidanki, za ki ga hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, ƙodar kuma tana ƙonewa a hankali. A 2012 Bailey ya lissafa magunguna fiye da 85 da garehul ke taɓawa. Lemon zaƙi na yau da kullum ba ya cikin hanin.

Amma jiƙon ya fi tayar mini da hankali, domin babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ta "ƙara garkuwa" a ɗakin duba marasa lafiya ba. Garkuwar jikin maigidanki ita ce babbar maƙiyiyar ƙodar da aka dasa masa, tana kallonta a matsayin baƙuwa, kuma da gangan muke danne ta safe da yamma har ƙarshen rayuwa. Yawan murar da kike gani wani ɓangare ne na sakamakon wannan dannewar. Saboda haka duk wanda ya ce zai ƙara masa garkuwa, in gaskiya ya faɗa to ƙodar zai halaka, in kuma ƙarya ce to ya ɗura masa abin da shi kansa bai san mene ne a ciki ba. Ana kawo mini irinsa a gorar roba, ruwa ne jaja-jaja da gari kwance a ƙasa, babu takarda, babu awo, an saya a bayan mota mai lasifika wadda ke tallar maganin basir da sanyi da ciwon ƙoda duk a gora guda.

Kada kuma a ce ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Garehul ma Allah ne ya halicce shi. A shekarar 2000 likitoci a Zurich ta ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, waɗanda jikinsu ya fara ƙin zuciyar bayan sun sha wani ganye da Turawa ke kira St John's wort, domin ya zaftare saiklosforin ɗin da ke jininsu. Wato wani tsiron yana hawar da magani, wani yana saukar da shi, kuma kowanne ƙarshensa komawa wankin ƙoda. Abin takaici, ƙin dashe a farkonsa ba ya ciwo. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci, kiriyatinin, wato dattin jini da ake aunawa don sanin aikin ƙoda, yana hawa a ɓoye, kafin ƙafa ta kumbura an riga an yi ɓarna. Ƙaninsa ya kwanta an yanka shi, ya tashi da ƙoda ɗaya; ba daidai ba ne a miƙa wannan amanar ga mai lasifika don kunyar ɗan'uwan da ya kawo gora.

Gobe da safe ku je asibitin da ke bibiyarsa, kada ya sha takrolimus na safe sai an ɗebi jini, a auna adadin maganin da kiriyatinin da fotasiyam. Ku tafi da gorar, ku faɗi ranar da ya fara sha ba tare da ɓoye komai ba. Idan zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ragu, ko wurin dashen ya yi ciwo, kada ku jira gari ya waye.