Tea ɗin da ake ci da miyar kuka

Yaya, na saurari saƙonka, na yi dariya har da ƙwalla. Wato don autana ya ce maka ya gama "tea" da ƙarfe shida na yamma, shi ne ka ɗauka ruwan bunu muke ɗura wa yara su kwana a kai? Kwantar da hankalinka. Tuwon semo ya ci ranar da miyar kuka, har da ƙari.

A nan Manchester, da yawancin arewacin Ingila, abincin dare shi ne tea. Na rana kuma dinner suke ce masa, shi ya sa matan da ke raba abinci a makarantun firamare ake kiran su dinner ladies. Abin ya samo asali ne daga leburori. Garin nan masaƙun auduga ne suka gina shi, ma'aikaci kuwa sai yamma yake tashi, ya dawo gida da yunwa, a kawo masa abinci mai nauyi da butar shayi a gefe. A hankali sunan abin shan ya haɗiye na abincin. Masu hannu da shuni nasu daban ne: shayin la'asar da 'yan guntayen burodi da kek, wanda ake dangantawa da Anna, matar Duke na Bedford, wajen 1840. Wannan ba ya kashe yunwa, ƙwalama ce kawai.

Ni ma ta taɓa ritsawa da ni. Farkon zuwana maƙwabciya ta gayyace ni tea, na cika cikina a gida na tafi, sai na tarar da dankali da kifi faranti guda. Haka na zauna ina tura shi don kunya.

Kalmar kanta baƙuwa ce a Turanci. Mutanen Fujian da ke gaɓar teku a Sin suna kiran ganyen "te", a bakinsu 'yan kasuwar Holand suka ɗauko sunan, suka kai Turai cikin jirgin ruwa tun farkon shekarun 1600. Sauran Sinawa kuwa "ca" suke cewa, kuma wannan ce ta biyo hanyar ƙasa: Farisawa suka ce cai, Larabawa shai, mu muka ce shayi. Ka ga kenan teburin mai shayin bakin layinku ya haɗa hanya biyu. In ka ce a haɗa maka shayi, ka bi sawun ayari. In ka ce ti, ka hau jirgin Nasara.

Mu Hausawan nan dai mun raba gardama ba tare da an yi taro ba. In babba ya ce ka biyo gida ka sha shayi, to shayi ne, da madara ko da na'ana'a. In yaro haifaffen nan ya ce tea, a ɗora tukunya. Dattawanmu har yau ba su saba ba, wani sai ya yi ta faɗan yara sun lalata magana, alhali ba su suka fara ba.

Akwai kuma sabuwar ma'ana da ta shigo daga Amurka ta wayoyin 'yan mata: tea tsegumi ne. Don haka in babbar 'yata ta kira matarka ta ce tana da tea mai zafi, kada ka aika a sayo burodi. Ka dai matsa kusa, ƙila da kai ake.