Wai me kurege yake nufi in ya miƙe tsaye yana kallon mutum?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Mun tare a sabon gidanmu can bayan Bomo ta Zariya gefen gonaki, toh akwai wani kurege da kullum da hantsi sai ya fito ta gindin katanga, musamman in na shanya gyaɗa, kuma in ya ganni baya gudu nan take, sai ya miƙe kan ƙafafunsa na baya ya tsura min ido yana kaɗa jela. Surukata tace wannan ba kuregen Allah da Annabi bane a bar masa wurin. Da daddare kuma muna jin guje-guje cikin silin. Cizo yake shirin yi ko me? Yarana ƙanana ne. Daga Maman Khalifa, Bomo.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Ki gaishe da Hajiya ki ce ta kwantar da hankalinta, kurege ne sak, kuma duk abinda kika lissafa halinsa ne na yau da kullum. Gaskiyar magana ma ku kuka same shi a wurin, don duk unguwannin nan da ake ta yankawa filoti a bayan Samaru da Bomo da Basawa gonaki ne jiya-jiya, raminsa yana nan tun kafin a zuba fandisho.

Miƙewar nan da yake yi leƙe ne kawai. Dabba ce gajera, in yana ƙasa ciyawa ta tare masa gani, shi yasa yake tashi tsaye ya duba ko ke haɗari ce, kuma a lokacin yana auna tazarar da ke tsakaninki da shi da wadda ke tsakaninsa da rami, in ya ga zai riga ki isa toh ba zai wahalar da kansa ba, zai tsaya yana kallonki har da cin gyaɗarki a gabanki ya riƙe ta da hannu biyu. Ba raini bane, lissafi ne, ba banza tatsuniya ta bashi wayo ba. Gwada ki tsaya tsakaninsa da gindin katangar nan ki gani ko zai ƙara minti ɗaya.

Jelar ita ce abin lura. In tana kwance a bayansa yana tafiya yana tsayawa yana shinshina ƙasa, hankalinsa kwance yake, abinci yake nema. In ya ɗaga ta yana fizgarta gashin ya tashi ta yi bujubuju, toh ya tsorata, wani lokacin har da ɗan ƙara mai kaifi yake haɗawa, kuma abinda zai biyo baya gudu ne zuwa rami ba kawo hari ba. In kin ganshi da rana ya baje ciki a ƙasa cikin inuwa kamar ya mutu, lafiyarsa ƙalau, zafin jiki yake saukewa. Tone-tonen da yake yi a gefen katanga kuma ajiya ce, yana binne gyaɗa ko ya tura ta ƙarƙashin dutse don rani, shi yasa manoman gyaɗa basa ga maciji da shi, tun daga shuka yake bin layi yana tone iri.

Maganar silin kuwa ki cire sunansa. Kurege da rana yake harkarsa, in dare yayi yana cikin rami. Mai guje-guje da daddare a saman ɗaki ɓera ne, ko jemage in kina jin wari da ɗan tsuwa. Kuma wlh ɓeran ya fi bani tsoro akan kuregen, don ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, kuma da rani cutar ta fi tashi. A sa kafinta ya hau ya toshe kafofin da ke tsakanin kwano da bango, hatsi kuma a zuba a durom ko bokiti mai murfi. Shanya ki daina yinta a ƙasa kusa da katanga, ki ɗaga ta kan tebur ko ki sa yaro ya zauna a wurin, a share ciyawa da tarin bulo da ke bayan gida. In ya daina samu zai koma gona da kansa.

Tambaya: Malam gaskiya ne cizon kurege yana da dafi? Ƙanena ya kamo ɗan ƙarami wai zai yi kiwonsa. Daga Sani, Dakace.

Amsa: Malam Sani bashi da dafi irin na maciji, amma mutanen da suke faɗin haka ba daga sama suka ɗauko ba. Haƙoransa na gaba dogaye ne masu kaifi, basa daina tsiro duk rayuwarsa, in ya kafa su suna shiga can ciki su bar ƙwayoyin cuta, sai wurin ya kumbura yayi ruwa wani har da zazzaɓi bayan kwanaki. Kuma kusan duk wanda kurege ya ciza za ka tarar kama shi yayi da hannu ko ya zura hannu a rami, wanda shi kansa ganganci ne don maciji ma yana fakewa a irin ramukan nan. In ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15, kar a tsaya shafa toka ko man birki, a wuce asibiti su duba ko ana buƙatar allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kiwon kuwa ban goyi baya ba, yanzu ne yake lafewa a hannu don ƙarami ne, in ya girma keji baya riƙe shi sai dai na ƙarfe, kuma yatsan ƙanen naka zai fara gwadawa. In ya riga ya iya cin abinci da kansa a mayar da shi inda aka kamo shi da safe.