Shin biyan kuɗi zai raba ni da masu maguɗi a wasan ces?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga ces (darar Turawa) a waya kusan kullum da daddare. Kwanan nan wasu na cinye ni da irin wasan da bai yi mini kama da na mutum ba. Abokina ya ce in biya kuɗin rajista a Chess.com, shafin buga ces a intanet, wai mai biya ba ya haɗuwa da masu satar amsa daga kwamfuta. In biya, ko in koma shafin Lichess da yake kyauta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da kuɗin zai saya maka shi ne darussa da bitar wasanninka. Sa ido kan maguɗi kuwa bai ware mai biya da wanda bai biya ba.

Zarginka yana da tushe. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, yau kuma manhajar Stockfish, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, ta fi ƙarfin kowane ɗan Adam. Shi ya sa shafukan suke tara wasannin mutum da yawa, su auna sau nawa zaɓinsa ya zo daidai da na manhaja, musamman a wuraren da ƙwararru ma kan ruɗe, sannan su gwada da yadda ya saba bugawa a baya.

Agogo ne ya fi tona asiri. Kai da kanka ka sani, idan ci yana fili nan take kake ɗauka, idan wuri ya cakuɗe sai ka tsaya nazari. Mai kwafa kuwa kusan lokaci ɗaya yake ɗauka a mai sauƙi da mai wuya, domin sai ya je ya tambayo ya dawo. Fitar da yake yi daga allon wasan zuwa wani shafi ma ana lura da ita. Lichess na da manhajoji biyu na wannan aiki, Irwin da Kaladin, kuma akwai mutane da ke duba abin da suka gano.

Sai dai ina roƙonka, kada ka yanke wa kowa hukunci da wasa ɗaya. A Oktoban 2022 Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72 yana cewa da alama Hans Niemann na Amurka ya yi maguɗi a wasanni fiye da 100 ta intanet, amma bai sami hujja ba a kan wasan ido da ido da ya doke zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, a watan Satumba. Idan ka yi zargi, danna wurin kai ƙara ka wuce. In aka tabbatar, akan mayar maka da makin da ka rasa.

Ni dai da Lichess zan fara, babu talla, babu ko kobo. In darussan Chess.com kake so, biya na wata ɗaya kawai ka gani ko kana amfani da su.