Wayata ta ce in sa yatsa, ba sai na rubuta modepas ba

Jama'a barkanmu da war haka. Saƙonnin da suka shigo filin namu wannan karo kusan rabinsu a kan abu guda suke, wannan sabon abin da waya ke ta damun mutane da shi wai su daina rubuta kalmar sirri su riƙa sa yatsa. Na zaɓo huɗu, sauran ku yi haƙuri amsarku na ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gaishe ka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, kayan moto nika saidawa. Kwana ukku ke nan duk sa'adda na buɗe Gmail sai shi ce mini in yi wani abu wai clé d'accès, in sa yatsa shi ke nan. Ni ko tsoro nika ji, don bara anka ƙwace mini WhatsApp, wani ya kira ni ya ce ya turo kod ga lambata bisa kuskure in karanto mishi, na karanto, ashe shi ke nan, anka dinga roƙon kuɗɗi da sunana har ga ƙanena da ke Abijan. Wanga abu ba wata sabuwar dabarar ɓarayi ba ce? Kuma in na sa yatsa, hoton yatsana can Amurka za shi tahi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ban ga laifinka ba. Amma wannan karon tsumma ne, kai, ana ma iya cewa maganin saran ne.

Abin da wayarka ke kira clé d'accès in da Faransanci take, shi ne masu Ingilishi ke ce wa paski, ni kuma mabuɗin shiga nake ce masa. Ba Google kaɗai ya ƙirƙiro shi ba. Akwai wata ƙungiyar kamfanoni mai suna FIDO da ta daɗe tana aikin, an amince da ƙa'idarsa ta intanet a 2019, sai a watan Mayu na 2022 Apple da Google da Microsoft suka fito tare suka ce za su sa shi cikin wayoyi da kwamfutoci. Google ya buɗe wa masu Gmail a 2023, WhatsApp na Android ma a shekarar ya samu, Facebook sai 2025. Ka ga ba jiya aka fara ba, yanzu ne dai ya iso gare mu.

Ga yadda yake aiki, da misalin shagonka. Ranar da ka yarda, wayarka za ta ƙera kwaɗo da mabuɗinsa, ta aika wa Google kwaɗon, ta riƙe mabuɗin a wurinta. Duk ranar da za ka shiga sai Google ya miƙo kwaɗon ya ce to buɗe mu gani, wayar ta buɗe, a ce bismillah. Yatsan da kake sawa izini kawai kake ba wayar ta ɗauko mabuɗin daga aljihunta, kuma zanen yatsan a cikin wayar yake zama, ba ya zuwa Amurka ba ya zuwa ko'ina, Google bai gan shi ba. In ma ba ka son yatsa, lambar da kake buɗe ekran da ita ko zanen nan da ake ja ya isa.

Yanzu ka tuna yadda aka cuce ka bara. Abin da ya ba ɓarawon dama shi ne akwai wani abu da kai ka sani, lambobi 6, wanda bakinka zai iya faɗa. Modepas, wato kalmar sirri, ita ma haka take, duk abin da za a iya karantowa a waya ko a rubuta cikin wani fom za a iya yaudarar mutum ya bayar, komai wayonsa, musamman in an kira shi yana tsakiyar ciniki. Mabuɗin shiga kuwa kai kanka ba ka san shi ba, ba ka taɓa ganinsa ba, ko wuƙa aka sa maka a wuya ba ka da abin karantowa. Sannan mabuɗin ya san ƙofarsa, in aka turo maka irin link ɗin nan na ƙarya, wai ka ci kado ko ana raba forfe kyauta, shafin ya yi kama da na Google sak, wayar za ta duba adireshin ta ga ba shi ba ne ta ƙi fito da mabuɗin. Idonka ana iya ruɗa shi, ita ba ruwanta da kalar shafi. Ko ɓarayi sun fasa ma'ajiyar kamfanin kuma kwaɗuna za su tarar, ba mabuɗai ba.

Sai dai kar in yi maka daɗin baki Alhaji. Sa mabuɗin ba ya toshe tsohuwar ƙofa. Modepas ɗinka ta Gmail tana nan tana aiki, kod ɗin SMS na WhatsApp shi ma yana nan, wato in gobe wani ya sake kiranka ka sake karanto masa, to ka sake buɗe masa ta baya. Don haka ka shiga WhatsApp, paramet, wajen kont, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka sa lambobi 6 naka na kanka, wannan ita ce sakatar da ta kamata a ce tana nan tun bara. Kod kuma ko wa ya kira, ko ya ce daga kamfanin waya yake, ba a karantowa.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali. Ni uwar yara ce a Bukoki nan Yamai, ina sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp da Facebook. Wayar guda ce a gidan, yarana duk sun san kod ɗin ekran har ɗiyar maƙwabta, kuma gaskiya Gmail ɗin ma ba ni na buɗe ba, yaron da ya gyara mini wayar a kasuwa shi ya buɗe, ban ma san modepas ɗin ba. In sa wannan mabuɗin? Kuma yatsana in na yi lalle ko na gama wanki wayar ba ta gane shi.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarki ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duka, don halin da kike ciki shi ne halin gidaje da yawa a ƙasar nan, waɗanda suka ƙera abin nan kuwa sun ƙera shi ne da tunanin kowa da wayarsa, ba mai taɓa ta wani.

Amsa a gajarce: kar ki sa tukuna. Mabuɗin shiga ya ɗauke tsaron gaba ɗaya ya ɗora a kan kod ɗin ekran, duk wanda ya iya buɗe wayar ya iya shiga duk inda mabuɗin ke buɗewa, ba za a tambaye shi komai ba sai kod ɗin nan da ya riga ya sani. Google da kansa yana gargaɗin kar a yi shi a kan na'urar da ake tarayya. To ke kod ɗinki ya zama kamar rijiyar unguwa. Ban ce yaranki ɓarayi ba ne, Allah ya tsare, amma yaro ya karɓi waya zai kalli bidiyo ya danna abin da bai sani ba, ko ya faɗa wa abokinsa kod ɗin don burga.

Maganar Gmail ɗin ma ta fi wannan girma. A wayar Android mabuɗan nan cikin asusun Google ake adana su, shi ne rumbun. Rumbun naki kuwa wani ne ya gina shi, shi ya san modepas, ƙila ma lambar wayarsa ya sa a matsayin lambar ceto, wadda ake turo wa kod in an manta modepas, ƙila kuma ya manta gaba ɗaya don a rana yana buɗe wa mutum goma, ya rubuta a bayan wani kwali ya yar. Yau in wayar ta faɗa ruwa, hotunan kayanki da lambobin kiliyan ɗinki duk sun tafi. Ki samu babban ɗanki ko wani amintacce da ya iya, tun wayar na hannunki kuma asusun na buɗe, ku shiga sashen tsaro ku canza modepas, ku cire duk lambar da ba taki ba ku sa taki. In abin ya gagara ki koma wurin yaron ya tuna miki, in ya ƙi tunuwa ki buɗe sabon Gmail da hannunki ki kwashe lambobinki zuwa can. Ki rubuta modepas ɗin a takarda ki sa inda kike ajiye takardar haihuwar yara, ni ban ga aibin takarda ba, ɓarawon intanet ba ya shiga ƙarƙashin akwati. Daga nan ki canza kod ɗin ekran zuwa lambobi 6 da ba shekarar haihuwa ba, ba 123456 ba, yara in suna so ke za ki buɗe musu. Sannan ne za ki sa mabuɗin.

Lalle da wanki kuwa ba matsala, haka magina ke fama in siminti ya cinye musu yatsa, haka kowa ke fama da hunturu in hannu ya tsage. In ta ƙi gane yatsan za ta nemi kod, mabuɗin zai yi aiki daidai. Ki yi rajistar yatsa biyu, ɗaya a kowane hannu.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ina shirin tahiya Libiya bayan Salla, daga wani ƙauye kusa da Tawa nike. In na sa wanga mabuɗi kuma wayar ta ɓace a hanya ko anka amshe ta, shi ke nan na rasa Facebook da Gmail?

AMSA: Ƙanena Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ba ka rasa ba, in ka yi shiri tun kana gida. Mabuɗan ba cikin ƙarfen wayar kaɗai suke ba, Android na ajiye kwafinsu a kulle cikin asusun Google, iPhone kuma cikin iCloud, wato ma'ajiyar Apple. In ka sayi sabuwar waya ka shiga Gmail ɗinka, za ta nemi kod ɗin ekran na tsohuwar wayar, ka sa, mabuɗan su dawo. Ka lura da abu biyu ke nan da dole su zauna a kanka: modepas ta Gmail da tsohon kod ɗin ekran. Mutane na sa yatsa wata shida su manta da modepas kwata-kwata, ranar da waya ta ɓata sai ido ya raina fata.

Abin da ya fi cin 'yan tafiya ma ba wayar ba ce, pus ɗin ne. Ka bar lambarka ta +227 ta yi watanni ba kiredi ba kira, kamfani ya rufe ta, daga baya ya sayar wa wani, alhali ita ce lambar ceton duk asusunka, kod ɗinka ya koma shiga wayar baƙo. Ko ka bar pus ɗin wurin wanda ka yarda da shi a gida yana ɗan amfani da shi, ko in ka isa ka canza lambar ceto zuwa sabuwar da ka saya can. Kuma kafin ka tashi, in ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Google, akwai kod na ajiya guda 10 da yake bayarwa, kowanne lambobi 8, kowanne sau ɗaya yake aiki, ba sa buƙatar rezo ko SMS. Ka kwafe su a takarda biyu, ɗaya cikin kayanka ba cikin fatar wayar ba, ɗaya wurin Inna.

In wayar ta ɓata, wanda ya tsince ta ba ya iya komai da mabuɗan sai ya buɗe ekran. Duk da haka da ka samu wata waya ka shiga asusun, sashen tsaro, ka fitar da tsohuwar daga jerin na'urorinka.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a jami'ar Abdu Mumuni, ba ni da ordinater, a siber nake buga takardu. Ya zan shiga Gmail a can in mabuɗin yana cikin wayata? Kuma wayar babana ita ko nuna abin ba ta yi.

AMSA: Ɗiyata wannan ma ya fi miki rubuta modepas a injin da mutum ɗari suka taɓa. A shafin shiga ki zaɓi amfani da mabuɗin da ke wata na'ura, zai nuna miki kod QR, ki ɗauka da kamarar wayarki, ki sa yatsa, kin shiga, ba modepas ɗin da kika rubuta balle injin ya riƙe. Amma sai Bluetooth na kunne a wayar da injin duka, da shi ake tabbatar da cewa kina zaune gaban injin ne ba wani ya turo miki hoton kod ɗin daga nesa ba, kuma wayar na buƙatar koneksiyo. Tsofaffin injinan siber da yawa ba su da Bluetooth, in kin tarar da irinsu ki tura takardar ta wata hanya daga wayarki kawai a buga miki. In kuma injin ya tambaye ki ko ya ajiye mabuɗi a kansa, ki ce a'a, kuma ki fita daga asusun kafin ki tashi.

Wayar Baba kuwa ki duba sigarta. Abin yana so Android 9 zuwa sama, a iPhone kuma iOS 16, sannan dole a ce ekran na da kulle. In tsohuwa ce ko irin mai maɓallai, ku bar shi da modepas mai tsawo da tabbatarwa mai mataki biyu, ki zauna ki kunna masa da kanki ranar da kika je gida.