Amsa: Ban taɓa hawan dutse ba, zan iya shiga aikin sa kai lokacin kaka?

Wa alaikumus salam ɗan uwa, ka tambaya ko sabon shiga zai iya bin tawaga hawan dutse lokacin kaka har ya taya su gyaran hanya. Wallahi zaka iya, nima haka na fara, yawancin aikin ba na ƙarfi bane, kwashe ganyen da ya zube ya toshe magudanar ruwa ne, dan in aka barshi ruwa ya bi ta kan hanyar ya zaizaye ta, sai tsince shara da datse rassan da suka tare hanya.

Abinda nafi so ka kula dashi sanyi ne. A ƙasa har gumi zakayi amma duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga rana na faɗuwa da wuri a kaka, to ka riƙe tocila ko da kuna sa ran saukowa da la'asar, kuma kar ka sa rigar auduga a ciki dan in ta jiƙe da gumi bata saurin bushewa, sanyi take ja maka.

In a Amurka ne, dokar kare dazuka ta 1964 (Wilderness Act) ta hana amfani da injin sare itace a dazukan da aka keɓe a ƙarƙashinta, da zarton hannu ake yanka bishiyar da ta faɗi, mutum biyu suna ja, wannan kam sai an koya maka. Wurare da yawa kuma sun ƙayyade yawan mutane a tawaga ɗaya, kayi rajista da wuri. Sabon takalmi kuwa ka fara yawo dashi a gida tukun.